Garuruwa biyar cikin kwana uku, wannan ziyara ce ko tsere?

Malam Edita,

Assalamu alaikum. Da fatan kana lafiya kai da abokan aikinka, Allah ya ƙara basira. Dan Allah a ɗan sam min fili a shafin wasiƙu, akwai wata magana da ta daɗe tana tsaya min a rai game da yadda mutane ke ziyartar tsoffin garuruwa da wuraren shaƙatawa masu kyan gani idan suka samu ɗan hutu.

Duk sanda hutu ya ƙarato zaka ga talla ta cika Facebook da Instagram da WhatsApp, wai zo mu kai ka garuruwan tarihi biyar cikin kwana uku, ga hoton wata tsohuwar ganuwa, ga hoton tafki, ga rana tana faɗuwa a bayan dutse, mutane kuma suyi ta rububin biyan kuɗi. In sun dawo ka tambayi mutum me ka gani sai ya miƙo maka waya. Ka ce masa toh wannan ginin waye ya gina shi, yaushe, me ya sa aka gina shi a nan ba a can ba, sai yayi shiru yana sosa ƙeya, wani ma wallahi sunan garin da aka ɗauki hoton ya shige masa dan ya haɗe masa da na garin da suka je da yamma. Ya gaji, ƙafa ta kumbura, aljihu ya yi sauƙi, kuma abin da zai iya ba da labarinsa da kyau shine kujerar bas.

Kar a ce ina sukar gajeriyar tafiya ne, a'a, ni ma ita nake so kuma ita ce daidai ƙarfin yawancin mutane. Wa ke da wata guda da zai ajiye aiki da iyali ya tafi yawo? Ai ita kanta sana'ar shirya wa mutane yawon buɗe ido da gajeriyar tafiya ta fara. A 1841 wani Bature mai suna Thomas Cook ya ɗebi mutum wajen 500 a jirgin ƙasa daga Leicester zuwa Loughborough a Ingila, tafiyar kimanin mil 11 kacal, aka je aka dawo a rana ɗaya, daga nan kamfaninsa ya taso. Kuma yau abin ya ƙara sauƙi. Wanda yake Madrid cikin kamar rabin awa jirgin ƙasa zai sauke shi a Toledo. Wanda yake Tashkent awa biyu da 'yan mintoci ya isa Samarƙand. Daga Darussalam ka hau jirgin ruwa mai gudu, wajen awa biyu kana Zanzibar. Daga Delhi zuwa Agra inda Taj Mahal yake akwai jirgin ƙasan da baya cika awa biyu. Kaga kenan kwana ɗaya ko biyu sun isa mutum ya ga abin da zai daɗe yana tunawa. Matsalar ba gajartar lokacin ba ce, haɗama ce, mutum yana da kwana biyu amma yana so ya cusa abin wata guda a ciki.

Mu yi lissafi mana. Duk sanda ka tashi daga wani gari zuwa wani sai ka haɗa kaya, ka sallami otal, ka jira mota, a jira wanda ya makara (kuma a kowace tawaga sai an samu mutum ɗaya da kullum shi ake jira), a yi tafiyar, a nemi wajen ajiye mota, a bi layin tikiti, a nemi bayan gida, kafin ka ankara rabin yini ya tafi baka ga komai ba. In ka yi haka sau biyar cikin kwana uku toh kusan duk hutun a hanya ya ƙare. Abin da ya fi haka ciwo shine duk masu irin wannan tsarin lokaci ɗaya suke isa wajen, daga hantsi zuwa bayan azahar, lokacin da rana ta take, layi ya yi tsawo, kowane lungu ya cika da mutane kowa ya ɗaga waya sama. Sai la'asar ta yi motoci su kwashe su garin ya numfasa, 'yan gari su fito, yara su dawo wasa a dandali, tsofaffi su zauna a ƙofar gida, hasken yamma ya sauka akan tsoffin bangaye, toh wannan lokacin da garin yake zama gari na gaske su masu tseren suna can kan titi sun nufi gari na gaba. Shi ya sa nake cewa in kuɗinka na kwana ɗaya ne tak a otal, ka kashe shi a cikin tsohon garin, ka samu yammacinsa ka samu asubarsa, ya fi maka garuruwa uku da tsakar rana.

Sannan ga maganar sanin abin da zaka gani kafin ka je, wadda ita ce ma ta fi damuna. Tsohon gini baya magana da wanda bai san komai akansa ba, dutse ne kawai da ƙasa. Ɗauki babban masallacin Ƙurɗuba a ƙasar Sifaniya. Wanda aka sauke daga bas aka ce masa yana da minti arba'in zai shiga ya ga ginshiƙai da bakuna masu ratsin ja da fari, ya ce kai masha Allah, ya ɗau hoto ya fita. Amma wanda ya ɗan zauna ko na awa ɗaya ya karanta kafin ya taso zai san cewa Abdurrahman na ɗaya ne ya fara ginin wajen shekarar 785, ɗan gidan Banu Umayya da ya tsira da ransa daga ƙasar Sham bayan Abbasiyawa sun kifar da mulkin gidansu a 750, ya ƙetara har Andalus ya kafa sabuwar daula. Zai san yawancin ginshiƙan farko ba sababbi aka sassaƙa ba, daga tsoffin gine-ginen Rumawa da waɗanda suka biyo bayansu aka kwaso su, kuma da yake gajeru ne ba zasu ɗaga rufin sama sosai ba sai magina suka yi dabara suka ɗora baka akan baka, hawa biyu, kaga abin da mutane ke ta ɗauka a hoto a matsayin ado asalinsa maganin wata matsala ce ta gini. Har yau ginshiƙai sama da 850 suna tsaye. Zai san dalilin da ya sa yana cikin tafiya a tsakanin ginshiƙan kwatsam sai ya tsinci kansa a cikin coci, dan Kiristoci sun karɓi garin a 1236, daga baya a ƙarni na 16 aka fasa tsakiyar masallacin aka tada babban coci a ciki. Wannan mutumin ko da awa biyu kawai yayi a ciki ya karanta tarihin shekara ɗari bakwai da idonsa. Kuma in ya kwana a garin, washegari ga Madinatuz Zahra can bayan gari kamar kilomita 8, birnin sarauta da Abdurrahman na uku ya fara ginawa wajen 936, aka zuba dukiya ba ta wasa ba, amma ko shekara ɗari bai yi ba yaƙin basasa ya mai da shi kufai. Mai tseren garuruwa biyar ko labarin wajen ba zai ji ba, alhali a ganina nan ne ma mutum zai tsaya jikinsa yayi sanyi.

Haka fadar Alhamra a Garnaɗa, inda mulkin Musulmi na ƙarshe a Andalus ya faɗi a farkon 1492. Duk bangon fadar an zana wa la galiba illallah, wato babu mai rinjaye sai Allah, an maimaita ba adadi, taken sarakunan gidan kenan. Ka tsaya ka karanta wannan a gidan da masu shi suka miƙa makullai suka fita, ai ba sai wani ya yi maka wa'azi ba. Amma fa tikitin shiga ainihin fadar da lokaci a rubuce a jikinsa, in lokacinka ya wuce shikenan ba mai barinka ka shiga, kuma a lokacin cunkoso tikitin kan ƙare tun kafin ranar. Mutane da yawa sun je har ƙofa sun dawo da hoton ganuwa kawai sabida babu wanda ya gaya musu.

Bari in ƙara da Petra ta ƙasar Jodan dan ita ce ta fi nuna abin da nake faɗa. Ana shiga ne ta wani matsattsen kwazazzabo tsakanin duwatsu mai tsawon sama da kilomita ɗaya, a ƙarshensa sai ga wannan shahararren ginin da aka sassaƙa a jikin dutse wanda ake kira Khazna. Mafi yawan masu zuwa na yini ɗaya nan suke tsayawa, a ɗau hoto da raƙumi a juya. Alhali Khazna bakin ƙofa ce kawai, garin yana gaba, akwai dandalin kallo da aka sassaƙa a dutse, akwai kaburburan sarakuna, akwai titi mai ginshiƙai, akwai wani ginin da ake kira Dair can saman dutse wanda sai ka taka matakala wajen 800 kafin ka isa, kuma ya fi Khazna girma. Sannan a cikin kwazazzabon nan da kowa ke sauri ya wuce, in ka duba gefe da gefe zaka ga magudanan ruwa da aka sassaƙa a jikin dutsen, wani wajen har da ragowar bututun yumɓu. Nabatawa da suka gina garin sama da shekara dubu biyu da suka wuce gwanayen sarrafa ruwa ne, sun yi madatsai da rijiyoyin tara ruwan sama, da haka suka riƙe babban birnin fatauci a tsakiyar hamada. Wannan ai shine sirrin garin gaba ɗaya, amma sai kaga mutum ya wuce ta gefensa yana gyara hula dan hoto.

Af, tunda na ambaci Khazna, a nan ma akwai darasi akan 'yan jagora. Sunan ya samo asali ne daga jita-jitar cewa wai akwai dukiyar wani Fir'auna a cikin tulun dutsen da ke saman ginin, har mutanen da suka yarda da labarin suka riƙa harbinsa da bindiga ko zinare zai zubo, tabon harsasan na nan har yau, alhali tulun dutse ne zalla babu komai a ciki, masana kuma sun fi karkata ga cewa ginin kabarin sarki ne. Ɗan jagora nagari zai baka labarin jita-jitar ya kuma gaya maka jita-jita ce. Wani kuwa zai haɗa maka ƙarya da gaskiya ya kaɗa, dan ya lura ƙaryar ta fi sa baƙi buɗe baki. Wani kuma duk hankalinsa na kan ya gama da kai da wuri ya kai ka shagon da ake bashi kamasho, sai kaga an baku minti ashirin a wajen tarihi amma an baku awa guda a shagon tsaraba. Ba ina cewa kar a ɗauki ɗan jagora ba, a ɗauka, musamman ɗan garin mai lasisi, sana'arsa ce kuma ya san lungunan da taswirar waya bata sani ba. Amma ka je da ɗan saninka, ko dan ya gane ba kowane zance zaka haɗiye ba.

Wuraren kallo irin su duwatsu da tafkuna da magangarar ruwa kuma nasu sha'anin lokaci ne, kuma masu talla basa faɗa. Magangarar ruwa ta Victoria da ke kan kogin Zambezi tsakanin Zambiya da Zimbabuwe faɗinta ya kai mita 1,700, zurfinta ya ɗan haura mita 100. In ka je wajen watan Afrilu lokacin da kogin ya cika, feshin ruwan kan yi yawan da wani lokacin ma baka ganin komai sai hazo, ka jiƙe sharkaf. In ka je Oktoba ko Nuwamba kuma ɓangaren Zambiya kan ja baya sosai har ka tarar da dutse tsirara a inda ka ga ruwa a hoton talla. Duka biyun suna da kyansu, amma ya kamata mutum ya san wanne ya biya kuɗi zai gani. Wani lokacin ma maganar ta wuce ta jin daɗi ta koma ta rai. A Petra ɗin nan a 1963 ambaliya ta rutsa da masu ziyara a cikin kwazazzabon ta kashe sama da mutum 20, yawancinsu 'yan Faransa, a Nuwamban 2018 ma sai da aka kwashe dubban baƙi da gaggawa da ruwa ya sauko. Ruwan sama ne zai zuba can kan duwatsu inda baka gani, kai kana ƙasa rana na haskawa. Toh wanda jadawalinsa ya matse, wanda yake ganin in bai shiga yau ba shikenan, shine mai yi wa masu gadi gardama idan sun ce a dakata.

Yanzu bari in juyo ɓangaren da mu masu ziyara bama son ji. Waɗannan garuruwan fa ba gidan kallo ba ne, mutane ne ke zaune a ciki, suna da marasa lafiya, suna da 'yan makaranta, suna da jana'iza da biki. Tsohon birnin Fas a Maroko, inda masallacin Ƙarawiyyin yake wanda Fatima al-Fihriyya ta kafa a 859, mota bata shiga lungunansa, har yau da jakuna da alfadarai da kura ake shigar da kaya, toh ka ƙiyasta tawagar mutum arba'in ta tsaya cak a lungun da mutum biyu ke gogar kafaɗa, kowa na ɗaukar hoto, ga mai jaki da kaya a baya yana ta magiya. A Zanzibar waɗannan ƙofofin katako masu sassaƙa da kowa ke so ya jingina a jiki ayi masa hoto, da yawansu ƙofofin gidajen mutane ne, akwai mai gida a ciki da iyalinsa. Wa zai so kullum ya buɗe ƙofarsa ya tarar da baƙo ya kafa masa kyamara?

Kuma garuruwan sun fara gajiya, ba ɓoyayyen abu bane. Venis ta Italiya, garin da aka gina akan ruwa, a 1951 mazauna tsohon garin sun kai wajen 175,000, a 2022 suka faɗo ƙasa da 50,000. Dalilan suna da yawa amma babba a ciki shine gidajen haya sun koma masaukin baƙi, shagunan da 'yan gari ke buƙata sun koma na tsaraba, talaka ya kasa zama. A 2021 gwamnati ta hana manyan jiragen ruwa na 'yan yawon shaƙatawa ratsawa ta tsakiyar garin, sannan a Afrilun 2024 aka fara karɓar yuro 5 a wasu ranaku daga hannun masu shigowa su fita a yini ɗaya, wanda ya kama masauki a garin kuwa baya biya. Ka lura da wa aka nufa da harajin, ai masu tseren nan ne. A Hallstatt, wani ƙauye a bakin tafki a Ostiriya da mazaunansa basu kai 800 ba, inda aka shafe dubban shekaru ana haƙar gishiri, dubban baƙi ke sauka a rana ɗaya, yawanci ba ruwansu da tarihin gishirin, kusurwa ɗaya suke nema da suka gani a intanet. A 2023 har katangar katako aka kafa a wajen na ɗan lokaci dan a rage cunkoson, daga baya 'yan ƙauyen suka fito zanga-zanga suka tare hanyar shiga. A Japan ma a Mayun 2024 wani gari da ke kusa da dutsen Fuji ya kafa baƙin labule a bakin titi dan ya tare wajen da baƙi ke cincirindo suna ɗaukar dutsen ta saman wani kanti, suna tsallaka titi ba kan gado suna zubar da shara. Ka san me ya faru? Cikin 'yan kwanaki aka samu masu huda labulen suna saka kyamarar waya ta ramin. Haba jama'a.

Wani wajen ma ba sai ka yi rashin tarbiyya ba, yawanku kaɗai ɓarna ne. Kogon Lascaux a Faransa mai zanen dabbobi na shekara wajen 17,000, a 1940 wasu samari suka gano shi, aka buɗe wa jama'a a 1948, zuwa 1963 dole aka rufe dan numfashin mutane da ɗumin jikinsu sun fara lalata zanen da ya daɗe lafiya lau a cikin duhu. Sai kwafinsa aka gina a kusa aka buɗe a 1983, shi ake nuna wa baƙi. Gaɓar tekun Maya a Tailan an rufe ta a 2018 sabida jiragen ruwa da dubban baƙi sun kashe murjanin wajen, sai a farkon 2022 aka sake buɗewa da sharuɗɗa masu tsauri. Pompeii ta Italiya, garin da aman wutar dutsen Vesuvius ya binne a shekara ta 79, tun Nuwamban 2024 an ƙayyade mutum 20,000 a rana.

Na san abin da wani zai ce, Malam Edita, kuma yana da hujja. Zai ce kai kana magana kamar mai kuɗin da zai sake komawa, ni wannan ce dama ta ɗaya a rayuwa, na yi shekaru ina tari, dole in ga duk abin da zan iya gani. Na fahimta wallahi. Amma ai wannan ɗin ne ma ya fi cancanta ya tsaya ya more abin da ya biya, dan wanda zai sake dawowa ko ya yi asarar tafiya ɗaya zai rama, kai kuwa fa? Taura biyu bata taunuwa. Wani kuma zai ce ai garuruwan da kuɗin baƙi suke rayuwa, kowa ya ga yadda suka shiga uku a 2020 da korona ta rufe duniya. Wannan ma gaskiya ne, ba wanda yace a daina zuwa. Amma a tambayi kuɗin waye ke zama a garin. Wanda ya zo a bas ya yi awa biyu ya tafi, kusan duk kuɗinsa na hannun kamfanin da ya kawo shi, abin da ya bar wa garin shine cunkoso da robar ruwa. Wanda ya kwana kuwa ya biya masauki, ya ci abinci a wajen 'yan gari, ya sayi abu a hannun wanda ya ƙera shi, ya ɗauki ɗan jagora. Ni dai harajin shiga gari bai kwanta min sosai ba, dan a ƙarshe mai ƙaramin ƙarfi zai tare ya bar mai kuɗi ya wuce, na fi yarda da tsarin ƙayyade adadi da raba lokaci, kowa ya yi rajista ya zo a layinsa. Amma ban ga laifin mutanen da aka hana barci a gidajensu ba in sun nemi mafita.

Sai masu rubuta suna a bango, waɗannan kam ban san me zan ce musu ba. A 2023 duniya ta ga bidiyon wani baƙo yana ƙwarzanar sunansa da na budurwarsa da makulli a bangon Kolosiyam, tsohon dandalin wasanni na birnin Rum, ginin da ya kusa shekara dubu biyu. Ka kwatanta da abin da aka yi a Abu Simbel a Masar, lokacin da ruwan madatsar Aswan zai haɗiye wuraren bautar da Fir'auna Ramsis na biyu ya sassaƙa a dutse. Daga 1964 zuwa 1968 ƙasashe suka haɗa kuɗi da injiniyoyi aka yayyanka ginin gunduwa-gunduwa sama da dubu, aka ɗaga shi wajen mita 65 zuwa sama aka sake haɗawa kamar ba a taɓa ba, kuma wannan aikin yana cikin abin da ya haifar da yarjejeniyar UNESCO ta 1972 ta kare wuraren tarihi na duniya. Wasu sun yi shekara huɗu suna wannan wahalar dan jikokin wasu su gani, wani kuma ya zo da makullin ɗakin otal.

Toh ga roƙona gare ku. Jaridarku na da masu karatu da yawa da ke fita, ɗalibai, 'yan kasuwa, ma'aikatan da ake turawa taro ko kwas, waɗanda sau da yawa sukan samu yini ɗaya ko biyu a tsakani basu san yadda zasu yi da shi ba sai su ƙare a kantin sayayya ko a ɗakin otal suna kallon talabijin, alhali wani garin tarihi na nan kusa da su tafiyar awa ɗaya. Ku buɗe ɗan shafi ko sau ɗaya a wata, kowane fitowa gari ɗaya tak, ba jerin wurare goma mafi kyau a duniya da ake kwafowa daga intanet ba. A faɗi waye ya kafa garin, me ya ɗaukaka shi, me ya kayar da shi, abu biyu ko uku da in mutum ya gani ya wadatar, wane wata ya fi dacewa, ana buƙatar yankar tikiti tun kafin a je ko a'a, akwai hawa da yawa da zai wahalar da tsoho ko mai ciwon gwiwa, ina ne ba a yarda a ɗau hoto ba, wace irin shiga ake buƙata a wuraren ibada. Kuma dan Allah a riƙa faɗin ranar da ake rufewa, dan wannan ƙaramin abin ya sha ɓata wa mutane tafiya gaba ɗaya. Taj Mahal ba a buɗe wa masu yawon buɗe ido ranar Juma'a. Fadar Topkapi a Istanbul a rufe take ranar Talata, babbar rufaffiyar kasuwar garin kuma ranar Lahadi. Gidan tarihin Louvre na Paris shi ma Talata yake hutu, wasu gidajen tarihin da yawa kuma Litinin. Ga wanda yake da sati biyu wannan ba komai bane sai ya koma gobe, amma mai yini ɗaya in ya dace da ranar rufewa ya tashi a tutar babu.

Kuma in wani kamfani ya kawo muku tallar garuruwa biyar cikin kwana uku, ku karɓi kuɗin tallarku ba laifi, amma ku sa wakilinku ya tambaye su awa nawa ne a mota, awa nawa ne a ƙasa, ku buga amsar a gefen tallar.

Na gode da wannan fili, a gaida ma'aikata.

Wassalam,
Naka, mai bibiyar jaridarku a kullum.